Ƙanƙara Don Kifin Baba

Alhamis, 4 ga Ramadan, ƙarfe biyu da rabi na rana

Digiri ashirin da bakwai da rabi.

Na buɗe wannan littafi ne bisa dalili na ilimi tsantsa, ba don wani rauni na zuciya ba. Duk wanda ya shekara biyar yana nazarin kimiyyar kifi a jami'a, kamar yadda ni Abdulmutalib Maharazu na yi, ya san cewa abin da ba a auna an rubuta ba, ba a san haƙiƙaninsa ba. Saboda haka zan riƙa shigar da zafin ruwan tankin nan kullum, tare da abin da ya sawwaƙa na bayani.

Domin tarihi: tankin gilashi ne mai cin lita ɗari da ashirin, ruwan cikinsa kuma ruwan gishiri ne irin na teku, wanda nake haɗawa da hannuna. Ina da yaƙinin babu irinsa daga nan Rogo Sabon Gari har Karaye. Bara na zo da shi daga Ikko da na gama bautar ƙasa, na kawo wa Baba, domin ya shekara ashirin da biyu yana dafa abinci a jirgin ruwa, kuma tun da ya dawo gida ya kama noma bai sake ganin teku ba. Kifi biyu ne a ciki, ruwan lemo masu ratsin fari, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Baba ya raɗa wa babban Kyaftin, ƙaramin kuma Kuku, wai shi ne mai wahalar jirgin. Na fahimtar da shi cewa a wannan jinsi babbar ita ce macen. Ya ce ai haka abin yake a gidan nan ma, in je in tambayi Inna.

Ƙa'idar guda ce. Ruwan ya zauna tsakanin ashirin da biyar zuwa ashirin da bakwai. Idan ya haura talatin ya daɗe a can, sun tafi.

Yau kwana huɗu ke nan da aka tafi da Baba asibiti a Kano. Inna ta bi shi. Ni ma na sa ƙafa ɗaya a motar, sai Yaya Ashiru ya ce, "Kai, sauka. Zauna ka kula da kifinka."

Ina so ya shiga rubutu cewa ba kifina ba ne. Na Baba ne. To amma an ba ni aiki, kuma zan yi shi. Ranar da Baba ya dawo zai tarar da su biyun da ransu.

Juma'a, 5 ga Ramadan, bayan an sauko daga masallaci

Ashirin da takwas.

Na gai da Malam Sulle, aminin Baba, a ƙofar masallaci, har na rusuna. Ya ce "Lafiya," yana neman takalminsa. A da sai ya tambaye ni gajiya, da gida, da kifi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Yana cikin waɗanda suke zaune a zaure ranar Lahadi, ranar da Baba ya faɗi.

Mai yiwuwa azumi ne. Azumi yana rage wa dattawa magana.

Asabar, 6 ga Ramadan, bayan shan ruwa

Ashirin da takwas da rabi da la'asar. Ba a kawo wuta ba tun Talata. Abin da nake da shi faifan sola ɗaya ne da batir ɗaya, su ke juya injin kumfa mai sa wa ruwan iska da ƙaramar fanka. Na ɗora fankar a kan kujera, na saita ta tana hura saman ruwan.

Goggo Hajo, yayar Baba, ta shigo da kunun tsamiya da ƙosai. Gidanta ne a jikin namu.

"Auta, kana ciki ko ka narke?"

"Ina ciki, Goggo. An sha ruwa lafiya?"

Ta tsaya a ƙofar falo tana kallon fankar. "Ikon Allah. Fanka ɗaya a gida ka juya wa kifi, kai kuma kamar an tsamo ka daga rijiya."

Na yi mata bayani dalla-dalla, cewa iska idan ta ratsa saman ruwa tana ɗauke wani sashe nasa a matsayin tururi, tururin kuma yana tafiya da zafi; cewa illar hakan ita ce ruwa yana raguwa gishiri yana nan, saboda haka wajibi ne in riƙa cikawa da tataccen ruwa mara gishiri. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Wato abin da randata take yi."

"Akwai kamanceceniya ta fuskar ƙa'ida, amma..."

"Shekara biyar suka riƙe ka suna koya maka randa? Da ka zo wurina, da sati ɗaya ka gama." Ta ajiye kwanon. "Ka kira uwarka?"

Na ce na kira Yaya sau uku.

"Ban tambaye ka Ashiru ba."

Lahadi, 7 ga Ramadan, da hantsi

Na kira Inna. Ta ce da sauƙi. Na ce yana magana? Na ji ƙarar takalman mutane da wata mata tana kiran lamba. Sai Inna ta ce, "Kana dai yin sahur ko?"

Sati ɗaya yau.

Litinin, 8 ga Ramadan, ƙarfe uku na rana

Ashirin da tara da rabi. Fanka kaɗai ta daina wadatarwa.

Na shafe safiyar yau ina rubuta wata takarda mai shafi huɗu, wadda na yi niyyar aika wa Yaya. A ciki na fayyace cewa shawarata ta haƙa tafkunan kifi a gonarmu ta Jajaye shawara ce mai tushe a ilimi da maslahar iyali, kuma abin da na furta a zaure na furta shi ne a kan tsarin noma, ba a kan mutum ba. Na kuma nuna cewa Baba ya daɗe da hawan jini, kowa ya sani, kuma ba ya shan maganin sai Inna ta tsaya a kansa. Babu wani littafin likitanci da ya ce magana tana kayar da mutum a wurin alwala.

Na karanta ta sau biyu. Hujjojinta ba su da ɓaraka. Ban aika ba.

Talata, 9 ga Ramadan, bayan shan ruwa

Talatin daidai da ƙarfe uku. Kifin sun hau sama suna buɗe baki da sauri.

Na tafi wurin Mu'az mai ƙanƙara a bakin tasha. Shi kaɗai ke da firiza da janareta a wannan ɓangaren, kuma a watan nan ya fi hakimi jama'a. Layi ya kai shagon mai faci. Dokarsa leda biyu kowane gida. Da na iso gabansa ya ce, "A'a, Dakta! Yaya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Na ce leda biyu.

Wata mata a bayana, Baraka mai ƙosai, ta ce, "Gidan Malam Maharazu ai ba kowa yanzu. Shi kaɗai zai sha leda biyu?"

Mu'az ya ce, "Ba shi zai sha ba. Kifi zai ba."

Ban san wa ya gaya masa ba. Layin gaba ɗaya ya ɗauka. Wani ya ce kifin ma azumi yake yi? Wani ya ce a tambaye ni ko da dabino yake buɗe baki. Na fara bayyana musu cewa halittun teku ba su da ikon daidaita zafin jikinsu, sai Baraka ta ce, "Malam, mu ma ba mu da shi, matsa."

Mu'az ya rage murya. "Dakta, tsakaninka da Allah. In ba ka biyu, in ce wa mai jego ta ƙare?"

Ya ba ni ɗaya.

Akwai kuma wata mas'ala da ban hango ba. Ƙanƙarar Mu'az ba ta daskarewa sai bayan la'asar, domin don shan ruwa ake yin ta. Ni kuwa da azahar nake buƙatarta. Saboda haka na saka ledar a kula, na binne kular a cikin ɓuntun shinkafa a ɗakin ajiya, sai gobe. Na buɗe baki da ruwan jarka mai ɗumi, ina sane da cewa ga ƙanƙara can taku goma daga inda nake zaune.

Laraba, 10 ga Ramadan, ƙarfe uku da kwata

Rabin ledar ya kai azahar. Na sa ta a cikin tankin a ƙulle, don kada ruwanta ya gauraya da na gishiri. Daga talatin zuwa ashirin da tara. Digiri ɗaya. Na karɓa.

Alhamis, 11 ga Ramadan, da la'asar

Ashirin da tara da rabi. Ban yi magana da kowa ba yau in ban da Mu'az, shi ma "ɗaya" na ce.

Asabar, 13 ga Ramadan, bayan azahar

Ashirin da tara da rabi.

Da safe Baba yakan jawo kujerarsa gaban tankin kafin ya tafi gona, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce sau biyu, duk da na sha hana shi. Kuku ne ke fara zuwa. Yau na ƙwanƙwasa, a matsayin gwaji kawai. Ya zo, ya duba, ya koma bayan dutse.

Gidan nan yana da girma fiye da yadda na sani. Akwai ƙarar da ƙofar ɗakin girki take yi da iska, wadda ban taɓa ji ba a shekara ashirin da shida.

Babu littafin da ya ce magana tana kayar da mutum.

Lahadi, 14 ga Ramadan, bayan shan ruwa

Janaretan Mu'az ya lalace. Ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano, kwana uku ko huɗu. Layin ya watse ana ta salati. Baraka ta dube ni ta ce, "To, yau kifi zai ji abin da muke ji."

Talatin da rabi. Gobe da sassafe zan ɗauki babur ɗin Yaya in tafi Karaye.

Litinin, 15 ga Ramadan, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Alhamdu lillahi. Yau ilimi da azama sun yi rinjaye a kan yanayi.

Na isa Karaye da hantsi. Wuri uku na je. A na ukun na tarar da mai firiza da ya kwana da wuta, kuma da ya tambaye ni wa zan kai wa leda takwas, na ce mara lafiya ne da mu a gida. Ba ƙarya ba ce ta kowace fuska. Sai dai ya sa na jira har bayan azahar kafin ya buɗe. Na ɗaure buhun a bayan babur, na taho rana tana dukan ƙeyata, ruwan buhun yana ɗiga a kan salansa yana ƙauri. Wajen rabin hanya na ji idona yana yin duhu, na tsaya a gindin wata tsamiya, na ɗora goshina a jikin buhun na ɗan lokaci. Ban karya azumin ba.

Na shigo gida ƙarfe uku da rabi. Ma'auni ya nuna talatin da biyu da rabi. Kyaftin tana sama tana haki, Kuku ya jingina da gilashi. Ban tsaya cire takalmi ba. Na zuba leda takwas ɗin gaba ɗaya, har ruwa ya tumbatsa ya zubo a siminti.

Kafin ƙarfe biyar ma'auni ya sauko ashirin da huɗu. Ashirin da huɗu, a Rogo, a tsakiyar bazara! Ina ƙalubalantar duk wanda ya yi dariya a layin Mu'az ya zo ya gani.

Kuku yana kwance a kan yashi a kusurwa. Gajiya ce. Ni ma haka nake.

Talata, 16 ga Ramadan, bayan asuba

Kuku ya mutu.

Laraba, 17 ga Ramadan, da hantsi

Ba zafin ne ya kashe shi ba. Ya jure talatin da biyu da rabi. Abin da bai jure ba shi ne a sauko da shi digiri takwas da rabi cikin awa ɗaya da rabi. Ana saukowa ne a hankali, digiri ɗaya, a jira, sannan wani. Wannan yana cikin darasin shekara ta biyu. An tambaye mu shi a jarrabawa, na ci, har malamin ya karanta amsata a gaban aji.

Na naɗe shi a takarda na binne a gindin lemon tsami. Goggo ta leƙo ta katanga ta gan ni da ƙaramar fartanya. Na shirya wa abin da za ta ce. Ta ce, "Wanne ne?" Na ce ƙaramin. Ta ce, "Allah sarki, na Maharazu." Ta sauka daga kan turmin da ta taka.

Da ta yi mini ba'a da ya fi mini sauƙi.

Ashirin da tara.

Alhamis, 18 ga Ramadan, da la'asar

Inna ce ta kira da kanta, karo na farko. Muryarta da ɗan haske. Ta ce ya fara haɗiyar kunu, kuma hannun hagu yana aiki sosai. Ta ce, "Tun jiya yake yi mini wani abu da hannu, haka, haka, yana karkaɗa shi. Ashiru ya ce ko ruwa yake so. Ni na gane. Na ce masa suna nan lafiya, Auta yana kula da su. Sai ya rufe ido ya yi barci." Sannan ta tambaya, "Suna nan lafiya ko?"

Na ce, "Suna nan."

Juma'a, 19 ga Ramadan, bayan masallaci

Na kira wani abokin karatuna a Ikko, na tambaye shi ko za a samu ƙarami irinsa a saka a motar dare. Ya ce za a samu, amma a wannan zafin zai iso Zariya a dafe. Ya ce in bari sai damina.

Ko da ya iso ma, ratsin tsakiya na Kuku bai haɗe ba ta gefen dama. Baba ne ya fara lura da hakan, ba ni ba.

Talatin.

Asabar, 20 ga Ramadan, ƙarfe uku na rana

Na gudanar da wani bincike da ya kamata in yi tun kwana goma sha shida da suka wuce. Na ɗauki ma'auni na bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, ina barinsa minti goma a kowanne.

Falo, inda tankin yake, bulo da kwano: arba'in da ɗaya. Ɗakina: arba'in. Soron Baba, ginin ƙasa da azara, mai katanga kamar faɗin kamu biyu: talatin da uku.

Ni ne na dage aka gina falon. Ni ne na ce ba a ajiye abu na zamani a ɗakin da gara take ci. Baba bai yi musu ba, ya dai ƙi barin soronsa, yana zuwa falon ziyara kamar baƙo.

Na sake aunawa, ko ma'aunin ne. Talatin da uku.

Lahadi, 21 ga Ramadan, bayan azahar

Mun mayar da tankin soron Baba.

Na fara tun bayan asuba. Na kwashe ruwan a bokiti bakwai da baho, na sa Kyaftin a cikin roba da injin kumfa, na jera duwatsun a cikin ruwansu. Amma tankin da jiƙaƙƙen yashi a ciki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gilashi kuma ba a jan sa a ƙasa. Na tsaya ina lissafin yadda zan yi da igiya da katako. Goggo ta ce, "Lissafin me kake yi? Mutum ake kira." Ta fita ƙofar gida da mayafi a kafaɗa. Na ji tana cewa, "Sulle! Zo nan, kai nake nema."

Malam Sulle ya shigo ya naɗe hannun riga. Ya gai da Goggo, ya tambaye ta azumi, da ƙafarta, da labarin Kano. Sannan ya kama gefe ɗaya ya ce, "Hajo, ce wa yaron nan ya kama ta ƙasa, ba ta baki ba."

Goggo ta ce, "Ka ji, ta ƙasa."

Muka ratsa tsakar gida, shi yana tafiya da baya, ni da gaba, fuskata da tasa ba su fi kamu biyu ba, gilashi a tsakani. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. "Hajo, ce masa akwai dokin ƙofa." "Auta, dokin ƙofa." Muka ɗora shi a kan teburin da Baba yake ajiye rediyo.

Na ce, "Na gode, Baba Sulle. Allah ya saka da alheri."

Ya warware hannun rigarsa, ya tsaya yana duban gadon Baba da buzunsa a rataye. Ya ce, "Mutumin nan ya ciyar da ku da hayaƙin murhu a tsakiyar ruwa, shekara ashirin da biyu." Ban san ko da ni yake ba ko da Goggo. Ya fita.

Ashirin da takwas da rabi, babu ƙanƙara ko ɗaya.

Talata, 23 ga Ramadan, da la'asar

Ashirin da bakwai da rabi, da fanka da rabin leda. Mu'az ya gyara injinsa. Ya ce, "Dakta, na ji an yi rashi." Ban ga alamar wasa a fuskarsa ba, amma na bayan layi sun yi dariya.

Alhamis, 25 ga Ramadan, da hantsi

Kyaftin ba ta ci ba kwana biyu. Tana zagaya dutsen, ta tsaya, ta sake zagayawa. A ilmance ba a jingina wa kifi kewa. Ina rubuta abin da na gani ne kawai.

Yanzu a soron nake wuni. Ɗakin yana ƙamshin man zafi da tsohuwar takarda. Ba na hawa gadon. A ƙasa nake zama.

Juma'a, 26 ga Ramadan, bayan masallaci

Ashirin da bakwai. Ta ci ƙwaya uku.

Na ciro takardar nan mai shafi huɗu na sake karantawa. Har yanzu ban ga kuskure a hujjojinta ba. Sai dai na lura ban rubuta kalmar da na faɗa ba ko sau ɗaya a cikin shafi huɗun. A nan ma ban rubuta ta ba.

Da na faɗe ta a zaure, Baba ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi abokansa, ya ce bari ya yi alwala. Ko la'asar ba ta yi ba.

Asabar, 27 ga Ramadan, da yamma

Ashirin da bakwai.

Lahadi, 28 ga Ramadan, bayan azahar

Saƙo daga Yaya, na farko tun da suka tafi: "Gobe za mu dawo. Ka share ɗakin Baba."

Na share sau biyu. Na wanke gilashin tankin. Na gwada jera duwatsun ta yadda mai kallo daga gado zai ɗauka akwai wani a ɓoye a baya, sannan na mayar da su yadda suke.

Na shirya jawabi. Yana da gabatarwa, da bayanin yanayin bana, da lalacewar janareta, da tafiyar Karaye. Na maimaita shi a tsakar gida har Goggo ta leƙo ta tambaya da wa nake faɗa.

Litinin, 29 ga Ramadan, gab da magariba

Sun iso ƙarfe biyu, rana tsaka. Yaya da direban suka ɗauko shi a kujera. Ya rame. Gefen dama na fuskarsa ya sauka, hannun daman yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Na durƙusa a ƙofar zaure na ce sannu da zuwa. Kujerar ta wuce ta gefena.

Na bi su soro. Yaya ya gyara masa filo, ya juyo, sai ya ga tankin.

"Mene ne wannan a nan?"

Na ce nan ne ya fi sanyi a gidan.

"Shi ya sa mara lafiya zai kwanta a nan. Fitar da shi." Ya sunkuya ya ɗauke fankar daga kan kujera, ya juya ta wajen gado. "Mutum yana kwance cikin wannan zafin, iska tana wurin kifi. Kai har yanzu ba ka yi hankali ba?"

Inna ta ce, "Ashiru, a hankali." Goggo tana tsaye a bakin ƙofa. Na san idan tankin ya koma falo ba fanka, Kyaftin ba za ta ga Sallah ba. Na kuma san Yaya yana da gaskiya. Na sa hannu zan cire wayar injin kumfa.

Sai Baba ya yi wani sauti. Ba kalma ba ce. Duk muka juya. Idonsa yana kan gilashin. Ya daɗe yana bin Kyaftin da kallo, ta je ƙarshe ta dawo, ta zagaya dutse. Ya jira. Sannan ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe yatsu biyu, ya dube ni. Rabon da ya dube ni tun zaure.

Inna ta ce, "Yana bayan dutse, Malam, ai ka san shi da ɓuya."

Jawabin nan gaba ɗaya yana bakina. Na matsa gaban gadon na durƙusa.

Na ce, "Ya mutu, Baba. Ni na kashe shi. Na yi gaggawa, na zuba ƙanƙara da yawa. Na san ba a yi, na yi." Na ce, "Ka yafe mini." Na sake cewa, "Baba, ka yafe mini," kuma kowa a ɗakin ya san na bar maganar kifi.

Bai sauke yatsun nan da nan ba. Ya lanƙwashe ɗaya a hankali, ya bar ɗaya, ya dube shi. Ruwa ya gangaro daga idon daman, wanda Inna ta ce yana yi da kansa tun a asibiti, don haka ba zan gina komai a kansa ba.

Sai ya nuna ma'aunin da ke manne a gilashi. Na duba na ce, "Ashirin da takwas da rabi. Yana hawa." Ya girgiza kai. Ya miƙa hannun hagun, ya kai bakin fankar da ƙyar, ya tura ta. Ba ta juya sosai ba. Ya sake turawa.

Yaya ya ce, "Baba, zafi fa." Baba ya sake yin sautin nan, da ƙarfi wannan karon. Sai Yaya shi da kansa ya ɗauki fankar ya mayar kan kujera, ya saita ta a saman ruwan, ya fita bai dubi kowa ba.

Goggo ta cire maficin da ke hannunta ta jefo mini a cinya. "To, Dakta. Ga naka injin."

Tun ƙarfe uku nake yi masa fifita. In hannun dama ya gaji in koma hagu. Bai ce in tsaya ba, bai kuma kore ni ba. Sau ɗaya na rage, ina zaton ya yi barci, sai ya buɗe ido ya taɓa gwiwata da yatsa, na ci gaba. Yanzu Inna ta karɓe ni don in yi alwala. Fifitar ce ta sa rubutun ya karkace.

Ashirin da bakwai. Inna tana kira, wai ya ƙi tata fifitar.